Benen Taki

"Buɗe, Marcel! Motar Funtua ce, taki za mu ɗauka!"

Awaisu ya sake dukan ƙaramar ƙofar siton da tafin hannu. Bindiga tana cikin rigarsa, ƙarfenta ya ɗauki zafin rana har yana ƙona masa ciki. Ya naɗe fuska da rawani yadda masu dakon taki ke yi don kada ya shiga musu hanci, ido kawai ya bari a waje. Ranar Juma'a ce, garin Dandume kaf ya kwashe ya tafi masallaci. Daga can nesa lasifika tana kawo muryar liman, yanzu ya fara huɗuba.

A bakin titi wata tsohuwar motar kaya ƙirar daf tana tsaye injinta na kunne, babura biyu a gefenta. Ummaru Gatari, ogan tafiyar, yana jingine da ƙofar motar yana taunar goro kamar wanda ya zo cin kasuwa. Mutumin Funtua ne, ya sha gidan yari har ya saba. Sauran kuwa duk 'yan dako ne irin Awaisu, yunwa ce ta mayar da su abin da suka zama, ko kuma haka suke gaya wa kansu.

Wannan siton Awaisu ya san shi fiye da ɗakin uwarsa. A nan ƙashin bayansa ya yi ƙwari, a nan gashin tsakar kansa ya zube saboda ɗaukar buhu. Sai bara Alhaji Awwalu, mai siton, ya je Legas ya ga abin da ya gani, ya dawo da tireloli cike da ƙarafa shuɗɗa da masu ruwan lemo. Aka kafa su layi-layi, aka ɗaure ƙafafunsu da noti a cikin siminti, kanta kan kanta har kusa da kwano. Mutanen gari suka sa musu suna benen taki. Aka kawo wata 'yar mota mai yatsu biyu a gaba, ita ke ɗaga buhuna da katakonsu ta kai su sama ta sauko da su. Washegari Alhaji ya tara 'yan dako a ƙofar sito, ya ce musu Allah ya sa albarka, kowa ya kama gabansa. Shi ke nan fa! Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yi maka jaki, ka sallame shi da addu'a, addu'ar ma a tsaye, kana duba agogo.

Mutum ɗaya aka bari cikinsu, Muhammad Sani, yayan Awaisu uwa ɗaya uba ɗaya, aka mayar da shi mai gadi saboda kowa ya san ko allura ba ya ɗauka. Shi da abokin gadinsa Marcellinus suna da tsarinsu da ba ya tashi: ranar Juma'a Marcel ya tsare sito Sani ya je masallaci, ranar Lahadi Sani ya tsare Marcel ya je coci. Wannan tsarin Awaisu ya kai wa Ummaru, da sharaɗi guda: ranar Juma'a za a yi, lokacin da yayansa ba ya nan.

Sakata ta yi ƙara. Ƙofa ta buɗe.

Yaya Sani ne. Hannun riga a naɗe, ruwan alwala yana ɗiga daga gemunsa.

"Wace motar Funtua? Alhaji bai ce mini..." Ya tsaya. Ya dubi idanun da ke cikin rawanin. "Awaisu?"

Awaisu ya tura shi ciki da ƙirji, ya mayar da ƙofa da ƙafa.

"Me kake yi a nan, Yaya? Ina Marcel?"

"Matarsa ce ke naƙuda, tun da safe ya kai ta Funtua. Na ce ya je, ni na yi azahar a nan. Kai, mene ne wannan a cikin rigarka?"

Bai jira amsa ba, ya kai hannu ya taɓa. Fuskarsa ta canza. Tas! Marin ya sauka a kan rawanin, amma har cikin kunne Awaisu ya ji shi.

"Cire wannan tsumman ka yi mini magana, ɗan banza! Fashi? Kai ne da fashi, ranar Juma'a, liman na kan mumbari?"

"Yaya, rage murya, don girman Allah. Ummaru Gatari ne a waje. Ba ya barin wanda ya gane shi ko ya gane yaransa. Kwanaki a hanyar Danja wani ya kira sunan ɗayanmu, a gabana ya harbe shi. Rabin waɗanda ke waje tare kuka yi dako, ka san su sun san ka. In ya gan ka, kashe ka zai yi."

"To ya kashe ni mana! Amana aka ba ni."

"Amanar wa? Ta mutumin da ya watsar da mu kamar shara? Su Ubaidu 'ya'yansu da ruwan zafi suke karya kumallo, kai kana nan kana gadin ƙarfe!"

"Ku je ku zage shi a ƙofar gidansa, ni zan raka ku. Amma buhu ɗaya ba zai fita nan ba ina numfashi."

Ya juya zai nufi teburin da wayarsa take. Awaisu ya cafke shi ta baya. Suka yi kokawa a tsakanin layukan ƙarfe, kokawar da ba ta daɗe ba, don Sani ya manyanta, Awaisu kuwa buhu biyu yake ɗauka a tashi ɗaya. Ya ɗaga yayansa cak, ya kai shi can ƙurya, layin ƙarshe da ke jikin bango. Ya zaunar da shi, ya mayar da hannuwansa baya ya ɗaure su da igiyar lodi a jikin ƙafar benen.

"Ka yafe mini, Yaya. Ka yi shiru kawai, yanzu za mu tafi."

"Kada ka ƙara ce mini Yaya. Jama'a! Ɓara..."

Awaisu ya yagi bakin wani tsohon buhu ya cusa masa a baki, ya ɗaure ta ƙeya. Zuciyarsa na tafasa, shi kansa bai san da wa yake fushi ba, da Alhaji ne, da Marcel da matarsa da suka rasa ranar haihuwa sai yau, ko da wannan dattijon mai taurin kai da ke kallonsa ba ya ƙiftawa. Ya jawo tamfol ya lulluɓe shi har kai, don ya huta da idanun.

Ya ruga ya zare sakatun babbar ƙofa.

"Ka daɗe," in ji Ummaru, yana shigowa da bindiga a hannu yanzu. "Ina mai gadin?"

"Ya so ya yi gardama, Oga. Na ɗaure shi a baya, na rufe masa fuska. Bai ga kowa ba."

Ummaru ya dube shi har sai da Awaisu ya ji gumi yana bin bayansa. Sannan ya tofar da tukar goro.

"To. Maza, a hau aiki! Direba, juyo da ita baya, kawo ta bakin ƙofa!"

Daf ta yi baya ta tsaya daidai bakin ƙofa. 'Yar motar mai yatsu tana ajiye a gefe, babu wanda ya iya tuƙa ta, babu ma wanda ya so ya kalle ta. Ubaidu, ɗaya daga cikin 'yan dakon, ya wuce ya tofa mata yawu. Suka faɗa wa kantar ƙasa, wadda hannu ke kaiwa. A sunkuya, a ciccibi buhu, a aza a ka, a ruga, a jefa a mota, a dawo. Sun kwashe ƙasan layin farko, sun koma na biyu. Can sama kuwa buhuna na nan jibge har rufi, ba wanda ya ɗaga kai ya dube su.

Ubaidu ya matso kusa da Awaisu da buhu a kansa. Ubaidullahi sunansa, tare suka tashi, tare aka kore su.

"Baaba, keken wa na gani a bayan ƙofa?"

"Yi aikinka."

"Da buta, da takalmin roba. Marcel ya fara alwala ne?"

"Wallahi ka ƙara magana sai na fasa maka baki."

Ubaidu ya yi wata 'yar dariya ta hanci ya wuce. Ya gane.

Lasifika ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan muryar liman ta dawo. Huɗuba ta biyu. Ummaru ya leƙa cikin mota, ko rabi ba ta kai ba. Ya buga bindiga a jikin bodi.

"Wannan ne aikin? Ku ne kuke cika baki kun iya lodi? Tsofaffin mata sun fi ku sauri!"

"Tafiyar ce da nisa, Oga," wani ya ce yana haki. "Daga can ciki zuwa ƙofa..."

"Ubanka ne da nisa! Ku ji nan. Ni ba na fita da rabin mota. In aka sallame salla muna nan, jama'a suka taso, wancan mai gadin zan ɗauko in ɗaure a gaban mota, in ga wanda zai tare ni. Kai Awaisu, je ka kawo shi nan kusa tun yanzu."

Awaisu ya saci kallon ƙurya. In aka yaye tamfol ɗin nan, magana ta ƙare.

"Ba sai an kai ga haka ba, Oga. A shigo da motar ciki, yanzu za mu cika ta."

"To me kake jira?"

Haka dai ake yi tun kaka da kakanni. A da, lokacin da ake tara buhu a ƙasa kamar dutse, mota har ciki take shiga. Mai ba da hannu ya tsaya a baya yana kira, direba ya yi ta zuwa har sai gindin motar ya nutse cikin tarin buhuna, sannan a daki bodi ya tsaya. Buhu ba ya jin komai, sai ma ya ba mota wuri. Daga kan tari sai cikin mota, ba tafiya, ba ɓata lokaci. Awaisu ya yi wannan kiran sau ba adadi, ko cikin barci zai iya. Akwai wani layin fenti rawaya da aka ja a ƙasa, ɗan nesa da ƙafafun benen. Ya taka shi ya wuce, shi a ganinsa ado ne irin na masu kuɗi. An kore su tun kafin a gaya wa kowa abin da layin yake nufi.

"Zo! Zo da ita! Kwana hagu kaɗan, ya isa, miƙe! Zo!"

Daf ta shigo da baya tana hayaƙi, ta tsallake layin.

"Zo, kada ka ji tsoro! Sai ta taɓa! Zo, zo..."

Ta taɓa.

Ƙas! Ba wata babbar ƙara ba ce. Awaisu ya daki bodi, motar ta tsaya. Ya juya zai ce a fara lodi, sai ya ga ƙafar benen ta lanƙwashe a daidai gwiwa kamar ɗanyen kara. Wasu ƙwayoyin taki suka zubo masa a ka. Ya ɗaga ido.

Saman layin farko yana tahowa a hankali, ba wajensu ba, wajen layi na biyu.

"Ku fita! Ku fita!"

Ƙarfe ya yi kuka. Noti suka riƙa tsinkewa daga siminti — tau! tau! tau! Layin farko ya faɗa kan na biyu, na biyun da aka kwashe masa ƙasa bai ko yi gardama ba, ya tafi kan na uku. Buhuna suna fashewa a iska! Kwanon rufi yana girgiza! Na uku, na huɗu, haka suka bi juna har bango, ƙarar ƙarshe ta fito daga can ƙurya, inda tamfol yake.

Sai shiru, sai ƙurar taki fara fat mai shaƙe maƙogwaro.

"Yaya!"

Awaisu bai san ya fizge rawaninsa ba. Ya haye tarin ƙarfe da buhu da hannu da ƙafa. "Yaya Sani! Yaya!"

"Wa yake kira?" Ummaru ya fito daga bayan ƙofa yana tari.

"Yayansa ne, Oga," Ubaidu ya ce da sauri, yana ja da baya. "Ba Marcel ba ne a ciki. Tun ɗazu na gane, shi ya ce in yi shiru. Wallahi ba ruwana!"

Ummaru ya dubi motar. Wani dogon ƙarfe ya faɗo ya danne bodinta, tayar baya ta fashe. Ya dubi Awaisu da ke saman tari.

"Shege! Ka yi mini ƙarya, ka kuma kashe mini mota."

"Oga, ka yi mini duk abin da za ka yi daga baya. Ku zo mu ɗaga! Ubaidu, Yaya Sani ne fa! Shi ya koya maka aza buhu a ka! Ku zo, mu shida ne, za mu iya!"

Ba wanda ya motsa. Lasifika ta kawo iƙama, an tayar da salla.

"Ƙarfe ya rage mini aiki," in ji Ummaru. "Mu ware."

Awaisu ya diro daga kan tari ya yi kansa da hannu biyu a buɗe, ya ma manta akwai bindiga a rigarsa. Ummaru bai ko ɗaga hannu sosai ba — dam! Awaisu ya ji kamar an doke shi da taɓarya a kafaɗa, ya juya ya faɗi.

Yana kwance yana kallonsu ta ƙofa. Babura biyu, mutum biyar da direba. Ummaru ya hau ɗaya, wani ya ɗare bayansa. Ubaidu ya kama ƙarfen bayan babur ɗin zai hau, Ummaru ya sa ƙafa ya tokare shi a ƙirji.

"Sauka! Wanda ya sayar da abokinsa ni ma zai sayar da ni."

"Oga! Oga, ni na gaya maka gaskiya!"

Babura suka tashi suka yi hanyar Mahuta. Ubaidu da direba suka dubi juna, suka faɗa gonar masarar da ke bayan sito da gudu. Masarar ko gwiwa ba ta kai ba, daga titi ana hango su sarai.

Awaisu ya miƙe. Hannun hagu ya ƙi ɗaguwa, jini ya jiƙa rigar har ƙugu. Ya koma kan tari, ya kama buhu da hannu ɗaya ya ja, ya ture, ya kama wani. Ya tsaya ya kasa kunne.

"Yaya, in kana ji na ka yi magana!"

Da wane bakin? Shi da kansa ya toshe shi. Ya zagi kansa, ya zagi Alhaji, ya zagi wanda ya ƙera ƙarfen nan da wanda ya ɗauko shi daga Legas. Ya cire buhu biyar ko shida, tarin ko alamar an taɓa shi bai nuna ba. Wannan aikin na hannu ɗari ne, kuma duk hannun da ke garin nan yana wuri ɗaya. Ya san abin da ake yi wa ɗan fashi in ya faɗa hannun jama'a, ya taɓa gani da idonsa a kasuwa, har da taya da fetur. Ya zaro bindigar ya jefar, ya ɗauki keken yayansa.

Yana isa filin masallaci liman yana sallama. Sahu-sahu har kan titi. Ya saki keken ya faɗa tsakiyar mutane.

"Jama'a, ku taimaka! Benen takin Alhaji Awwalu ya faɗi, Yaya Sani na ƙasa! Ku taso!"

Aka yi cirko-cirko ana kallonsa, jini da farin taki sun rufe shi.

"Wannan ba Awaisu ba ne? Kai, wa ya harbe ka?"

"Fashi muka je! Ni na kai su, ni na ɗaure shi! Ku kashe ni in kun ga dama, amma ku fara ciro shi!"

Kalmar fashi ce kawai ta shiga kunnen na baya. Wani ya kai masa naushi, wani ya ɗauko dutse. "Ɓarawo! A kashe shi!" Ya faɗi, takalma suka hau shi, yana ta ihun sunan yayansa. Sai wani ƙaƙƙarfan mutum cikin farin kaftani ya ratsa ya tsaya a kansa da hannu a ware. Sifeto Abdulwaheed ne, ɗan sandan da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari.

"Wanda ya ƙara taɓa shi da ni zai yi! Ba ku ji abin da ya ce ba? Akwai mutum a ƙasa, kuma shi kaɗai ya san inda yake. In kun kashe shi wa zai nuna muku?"

Alhaji Awwalu ya fito daga sahun gaba, babbar riga tana jan ƙasa.

"Me aka ɗauka? Takin nawa suka kwashe?"

Awaisu ya ɗago kai daga ƙasa, bakinsa cike da jini. "Takinka na nan, Alhaji, ko buhu ɗaya bai fita ba. Yana kan yayana."

Duk wanda ke wurin ya ji tambayar, ya kuma ji amsar.

Garin ya ɗunguma. Masu babura, masu ƙafa, tsofaffi da darduma a kafaɗa. Sifeto ya sa wa Awaisu ankwa ta gaba, ya ɗora shi a babur, yana tafe yana waya a tare hanyar Mahuta. A siton tsofaffin 'yan dako ba su jira umarnin kowa ba, suka tuɓe rigunan Juma'a suka ja layi daga ƙurya har waje, buhu na bin hannu. Aka kira mai walda da janareta ya fara yankan ƙarafan da suka sarƙe. Alhaji ma ya tuɓe babbar rigarsa ya shiga layi, buhu na biyu ya durƙusar da shi, aka janye shi gefe ba wanda ya ce masa sannu.

"Nan ne! A'a, gaba kaɗan, jikin bango! Ku yi sauri mana!" Awaisu yana tsaye yana nuni da hannuwa a haɗe, wani ya ɗaure masa kafaɗa da rawani.

Ana cikin haka waya ta shigo wa Sifeto. 'Yan sintiri sun tare babura kafin Mahuta. Ummaru ya buɗe wuta, ya kashe wani manomi da ke dawowa daga salla, su kuma suka bindige shi a cikin kwata, sauran suka ɗaga hannu. Ubaidu da direba tuni matasa suka kamo su a gona, Ubaidu tun kafin a tambaye shi ya fara jero sunaye. Sifeto ya gaya wa Awaisu. Ko waiwayowa bai yi ba.

Ana kiran la'asar wani ya yi ihu, "Ga tamfol!"

Aka yanke ƙarfe na ƙarshe, aka ɗaga. Kantar ta faɗo ne ta tokare da bango, ta bar wani ɗan ɗaki a ƙarƙashinta, har da rata ta gefe inda mutum zai iya rarrafawa ya fita. Ƙarfe ko ɗaya bai taɓa Muhammad Sani ba. Buhunan sama ne suka fashe, taki ya yi ta tsiyaya a kan tamfol ɗin har ya binne shi. Aka tone da hannu, aka yaye. Yana zaune yadda aka zaunar da shi, tsumma a baki, wuyan hannuwansa duk sun saɓule wajen fama da igiya. Ya daɗe yana ƙoƙari.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," liman ya ce, jama'a suka amsa.

Awaisu bai yi kuka ba. Ya tsaya yana kallon ratar nan ta gefe.

Mutane suka dare, wata mata ta shigo da kwanon abinci a hannu. Hajo ce, matar Sani. Ta kawo masa abincin rana ta tarar da garin a ƙofar sito, aka riƙe ta a waje tun ɗazu, yanzu ta ƙwace. Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta durƙusa ta zare tsumman daga bakin mijinta, ta share masa gemu da bakin mayafinta.

"Ku kwance shi mana," ta ce. "Haka za ku bar shi a ɗaure kamar akuya?"

Wani ya zaro wuƙa.

"A'a. Mayar da wuƙarka." Ta miƙe ta juyo, idonta a bushe. "Wanda ya ɗaure shi, shi zai kwance shi. Zo nan, Awaisu. Kai da na yi wa wanki, na ba ka tuwo da hannuna. Zo ka kwance yayanka ka ba ni."

Sifeto ya ciro makulli ya buɗe ankwar. Awaisu ya taka ya durƙusa a bayan gawar. Ɗaurin lodi ne, irin wanda 'yan dako ke yi don kada a sha wahala wajen sauke kaya, bakin igiyar yana lilo ɗan sama da inda yatsun Sani suka iya kaiwa. Ya kama shi da hannunsa mai lafiya, ya ja sau ɗaya, igiyar ta zube ƙasa.